Bangon da Ke Amsawa

"To ki naɗe tsohuwar ki sa a aljihu mana," in ji Direba, yana kokawa da maɓallin rigarsa. "Ni ban ga abin kuka a nan ba. An ce tsofaffi za a fara ba gidajen bakin titi, waɗanda kowa ke haɗiyar yawu a kansu, ke kuma kin zauna kina jiƙa wa mutane yadi da hawaye."

"Ba kuka nake ba. Zare ne ya shiga mini ido."

"Zaren nan dai tun da aka gama ginin yake shiga ido."

Mai Ɗinki ta ɗauke ƙafarta daga kan keken, ɗakin ya yi tsit. Ta dubi mijinta da idanun da suka kaɗa suka yi ja.

"Na ji, Maigida, a ba ta gidan bakin titi. Ranar da ta faɗi a ɗaki, wa zai ji ta? Titin?"

Kafin ya buɗe baki sai ga wata murya daga bayan bango, siririya, a dashe, amma ba ta rawa.

"Ku ƙara murya ko ku yi shiru. Rabin gulma ce ba na so."

Direba ya tuntsire da dariya. "Kaka, ina kwana? Ashe kunne na nan."

"Ido ne ya gudu ya bar ni, Sarkin Gudu, kunne bai ci amanata ba. Ka sha shayinka ka bar mini yarinya ta yi aikinta."

Haka gidan yake. Tsohon sito ne na ajiye buhuna, wanda wani mai dabara ya yayyanka da siraran bangaye ya mai da shi ɗakunan haya. In maƙwabcinka ya yi atishawa, kai za ka ce masa sannu. In damina ta sauka, kwanonin gidan duk sai sun fito tarar ɗiga, har wanda ake cin abinci a ciki. Shekara da shekaru ana kai kuka majalisar ƙaramar hukuma, ana cewa ana dubawa, har mutane suka daina sa rai. Sai da wata tsohuwar malamar makaranta ta zama Shugaba, mace mai ɗingishi da tabarau a kan hanci, ta shigo gidan da ƙafarta ranar da ake tafka ruwa, ta tsaya a tsakar gida ruwa na zuba a kafaɗarta. Daga ranar aka fara maganar filin da ke bayan tashar mota. Yanzu gidajen sun tsaya, ƙanana, farare, masu hayar da talaka zai iya biya bai kwana da yunwa ba. Abin da ya rage shi ne majalisa ta zauna yau ta yanke yadda za a raba su. Kowa ya riga ya ji ƙishin-ƙishin: tsofaffi za su fara zaɓa a layin bakin titi, sauran jama'a kuwa ƙuri'a za a jefa, kowa inda rabonsa ya kai shi.

Ba wanda ya kai Mai Ɗinki godiya a kan gidajen nan. Ranar da aka buɗe su don a gani, ta shiga ɗaya ta tsaya gaban taga, hasken rana ya zubo mata a tafin hannu kamar ruwan ɗumi, ta tuna shekarun da ta yi tana zura zare a allura da fitila da rana tsaka. Ta buɗe famfo ta rufe, ta sake buɗewa, don kawai ta ji ƙarar ruwan. Sannan ta lura da yadda aka yi ginin: gida biyu-biyu ne a manne, bango ɗaya ya raba su. Ta ɗora tafinta a kan bangon. Sanyi ƙalau, sabo, bai san kowa ba. A nan murnarta ta koma ciki.

Domin akwai wani abu tsakaninta da Kaka wanda ba ya cikin lissafin kowace majalisa.

A shekarar farko ta aurenta, tana da tsohon ciki, Direba ya yi doguwar tafiya da fasinjoji. Rana tsaka ce, gidan ya watse, kowa ya tafi nema. Tana yanka yadi jiri ya kwashe ta, ta zube ƙasa, jini ya ɓalle mata, muryarta ta ƙi fita ko da ta kiran sunan Allah. Abin da ke hannunta almakashi ne. Da shi ta riƙa bugun bango, a hankali, a hankali, har ƙarfinta ya ƙare. A ɗaya gefen akwai wata tsohuwa mai sayar da gyaɗa, wadda ba ta da ɗa ba ta da jika, wadda gaisuwa kawai ke haɗa su. Tsohuwar nan, da idanunta da ko a lokacin hazo-hazo suke gani, ta lalubo ƙofa, ta shigo, ta taɓa, ta gane. Ta fita tsakiyar titi ta ɗaga sandarta ta tsaya ƙyam a gaban wata mota, har mai motar ya fito yana zagi, ya koma yana salati. 'Yar da aka haifa a daren ranar ita ce yau take tafiya makaranta da jaka a baya, kuma ita ta fara kiran tsohuwar Kaka, har sunan ya bi gidan duka.

Tun daga lokacin, kowace safiya ta Allah, Kaka kan buga bango da kan sandarta, ƙwas-ƙwas, wato ina nan. Mai Ɗinki ta amsa da gindin almakashi, ƙwas-ƙwas, wato na ji ki. Wurin da suke bugawa har ya lotsa ta gefe biyu, kamar kumatu masu murmushi. Kaka tana da doka a kan abin: bango ba ya tambaya a yi masa shiru. Ko barci kake, ka amsa tukuna, ka koma barcinka.

Da Direba ya fita duba motarsa, Mai Ɗinki ta zagaya ɗakin Kaka da kofin shayi. Ta tarar da ita zaune a bakin gado, ta riga ta ɗaura ɗankwalinta na fita unguwa, wanda ya sha ninki har layukan ninkin sun zama ado.

"Ina zuwa haka, Kaka?"

"Majalisa. In ji muryar matar nan da ta yi mana gida. Tun da ba zan ga fuskarta ba, ai na ji muryarta in sa mata albarka."

"Zan yi musu magana a kanki."

"Kul. Kada ki soma." Kaka ta lalubo hannunta ta riƙe gam. "'Yar nan, mutane sun yi mana alheri, kada mu je mu ce ga yadda za su yi shi. Wanda aka ba riga ba ya tambayar aljihu. Kuma mijinki yana da buri, kina sane. Yana so ƙuri'a ta faɗa masa kusa da titi, ya ajiye motarsa a ƙofar gida, ke ma masu wucewa su ga kekenki. Ni me ya rage mini? Duk inda aka ajiye ni, ajiya ce."

"Kaka, daina faɗin haka."

"To kawo shayin, ya huce kina tsaye kina mini wa'azi."

Zauren majalisar ya cika maƙil tun kafin a fara. Dogayen bencina ne, da fanka ɗaya a sama tana juyawa kamar an tilasta mata. 'Yan majalisa suna zaune a bayan dogon tebur, Shugaba a tsakiya. Mai Ɗinki ta zaunar da Kaka a ƙarshen benci, jikin wata katangar katako da ta raba zauren da ofishin akawu, ita ta zauna kusa da ita, Direba yana bayansu da hularsa a gwiwa.

Akawu ya miƙe ya fara karanta bayanin aikin: yadda aka samo filin, yadda aka ja ruwa, yadda aka yi da magudanar ruwa. Murya ce mai sa barci ko ga wanda ya sha magani don kada ya yi. Zafi ya yi yawa. Mai Ɗinki ta ji kan Kaka ya karkato ya sauka a kafaɗarta, numfashinta ya daidaita. Ba ta tashe ta ba. Ta zauna tana jin nauyin kan nan mara nauyi, zuciyarta na faɗa mata cewa wataƙila wannan na cikin ranakun ƙarshe da za ta ji shi kusa haka.

Da akawu ya zo kan maganar rabo, zaure ya ruɗe. Wannan na cewa yana da 'ya'ya da yawa, wancan na cewa shi ya fi daɗewa a sito, wata na cewa ƙafarta ba ta son tafiya. Shugaba ta ɗaga hannu, ba wanda ya gani. Sai ta juya gindin alƙalaminta ta buga tebur da ƙarfi, ƙwas-ƙwas.

Hayaniya ta yanke kamar an datse da wuƙa. A cikin shirun nan Kaka ta zabura daga barci, hannunta ya riga hankalinta farkawa, ta ɗaga sanda ta buga katangar katako, ƙwas-ƙwas.

"Ina nan, 'yar nan," ta ce da ƙarfi. "Ban mutu ba."

Zaure ya fashe da dariya. Har akawu sai da ya rufe baki da takardarsa. Kaka ta waiwaya hagu da dama, ta gane inda take, ta sunkuyar da kai tana gyara ɗankwali, kunya ta rufe ta. Mai Ɗinki ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige da su duka biyu.

Shugaba ba ta yi dariya ba. Ta sauke tabaranta ƙasa kaɗan, ta leƙo ta samansa irin kallon da malamai ke yi wa ajin da suke ƙauna.

"Iya, da wa kike magana?"

"Ki gafarce ni, ranki ya daɗe. Tsufa ne. Na ɗauka a ɗakina nake."

"A ɗakinki wa ke buga miki?"

Kaka ta matse hannun Mai Ɗinki, matsa mai cewa kada ki soma. Amma Mai Ɗinki ta riga ta miƙe. Ita ce fa da ba ta taɓa magana a gaban mutum goma ba.

"Ni ce, ranki ya daɗe. Ni ce maƙwabciyarta."

Ta ba da labarin. Ba ta tsara shi ba, ya zo mata a hargitse, gaba ya koma baya: almakashin, da motar da aka tare, da lotsawar bango, da ranar da Kaka ta makara ba ta buga ba, ita ta fasa ƙofa ta same ta zazzaɓi ya kwantar da ita. A tsakiya muryarta ta karye, ta tsaya, ta ci gaba.

"Ban zo raina abin da kuka yi mana ba, Allah shaida ne. Na shiga gidan nan na ga taga, na yi kuka. Ban san da wane baki zan gode ba. Amma na ga kun gina su biyu-biyu, bango ɗaya. Shi ne na ce, in da hali, kada ƙuri'a ta ba ta baƙo a bayan bangonta. Ba don baƙon mugu ba ne. Bai san abin da bugun ke nufi ba ne kawai. Zai ɗauka ƙusa take kafawa."

Wasu suka yi 'yar dariya, amma mai laushi, ba irin ta ɗazu ba. Wani wanzami da ke zaune a gaba ya ce, ba tare da ya nemi izini ba, shi ma shekara nawa makullin maƙwabcinsa mai farfaɗiya a hannunsa yake kwana. Wata mata ta ce ita da ta kusa da ita tukunya ɗaya suke ɗorawa tun da mazansu suka rasu. Zauren ya fara guna-guni irin na mutanen da suka tuna abu ɗaya a lokaci ɗaya.

Sai wani Kansila mai kantin magani ya gyara murya. Mutum ne siriri, mai tsabta, wanda gari ya sani da cewa ko ƙaninsa ba ya ba magani sai da takardar likita.

"Ranki ya daɗe, maganar baiwar Allah nan ta taɓa ni, ba zan ɓoye ba. Amma ku tuna dalilin da ya sa muka ce ƙuri'a. Mun ga yadda rabo ke ƙarewa in aka bar shi ga sanayya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mun ce tsofaffi su ne a bakin titi. In muka ce maƙwabci ya bi tsohuwarsa, wallahi gobe kowa a garin nan zai wayi gari da kaka. Har ni sai na nemo tawa."

"Ka zo ka ɗauke ni," in ji wata tsohuwa daga baya. "Ba ni da tsada."

Aka yi dariya, shi ma ya murmusa, amma bai janye ba. Mai Ɗinki ta san gaskiya ya faɗa, kuma gaskiyar da ba ta da mugunta ta fi wuyar ja.

"To mene ne maganin, mai magani?" in ji Shugaba.

Ya juya hularsa a kan tebur. "Rigakafi. Duk wanda ke son ya riƙe maƙwabcinsa, ya riƙe. Amma su biyun su haƙura da bakin titi, su haƙura da ƙuri'a, su karɓi layin ƙarshe, can wajen rafi, inda ba wanda ke so. Wanda ya yarda da wannan, to ba gida yake nema da maƙwabcin ba, maƙwabcin yake nema."

Layin ƙarshe. Mai Ɗinki ta san shi. Hanyar ba ta ɗaukar babbar mota, sai an yi tafiyar ƙafa mai tsawo daga titi, kuma ba mai wucewa ta nan balle ya ga keken ɗinki ta taga. Ba ta iya waiwayawa ta dubi mijinta ba. Ta tuna yadda yake kwatanta mata da hannu inda zai ajiye motar, da yadda zai riƙa wanke ta da safe yana jin ƙarar kekenta. Mutumin da ya yi shekaru yana barin motarsa a tasha yana dawowa gida a ƙafa cikin ruwa da rana. Wace ce ita da za ta ce ya ci gaba?

"Ni dai ku bar ni a inda kuka ce," in ji Kaka, muryarta ƙasa-ƙasa. "Yaran nan suna da rayuwa a gabansu."

Benci ya yi ƙara a bayansu. Direba ne ya miƙe, hularsa a hannu, yana murza ta kamar mai matse tsumma.

"Ranki ya daɗe, ni ne mijinta. Ba na iya dogon zance, sai da sitiyari." Ya sake murza hular. "Ranar da abin nan ya faru ina can wani gari ina faɗa da fasinja a kan kaya. Na dawo na tarar ina da mata, ina da 'ya. Da ba don bangon nan ba, da ɗaki kawai na tarar. Mota kuwa ƙarfe ce, ba ta jin kaɗaici, ta kwana a tasha. A ba mu wajen rafin."

Mai Ɗinki ta juyo ta dube shi. Ta san fuskar nan a cikin fushi da gajiya da barci, amma a ranar ji ta yi kamar yanzu aka fara nuna mata shi, kamar duk shekarun nan a ɗaki mai duhu take kallonsa, yau aka buɗe taga. Hawayen da ta yi ta ɗora wa zare suka zubo a fili, ba ta share ba.

"Kai, Sarkin Gudu," in ji Kaka, "wa ya aike ka?"

"Ke kika ce bango ba ya tambaya a yi masa shiru."

"To ni titin fa? Kun tambaye ni ko na haƙura da shi?"

"Kin haƙura, Iya?" in ji Shugaba.

Kaka ta ɗaga fuskarta wajen muryar, idanunta farare suna ƙyalli. "Ina za ni da titi, 'yata? Tafiya ɗaya ta rage mini, ita kuma ɗaukata za a yi. Allah ya yi miki albarka, ke da mai maganin nan mai taurin kai. Allah ya sa ku ma a amsa muku ranar da kuka buga."

Zaure ya amsa da amin, doguwa, daga gaba har baya. Shugaba ta cire tabaranta ta goge da bakin mayafinta, ta daɗe tana gogewa fiye da yadda gilashi ke buƙata. Ta dubi 'yan majalisa na damanta, ta dubi na hagunta. Hannuwa suka tashi ɗaya bayan ɗaya, na mai kantin magani ne farko. Ta ɗauki alƙalami za ta buga tebur, sai ta dubi Kaka, ta fasa, ta ajiye shi a hankali.

"Majalisa ta yanke," in ji ta. "Tsofaffi za su zaɓa a bakin titi, saura ƙuri'a, kamar yadda aka tsara. Amma duk maƙwabta biyu da suka zo tare suka ce ba sa son a raba su, za a ba su gida biyu masu bango ɗaya a layin rafi. Na farko a layin, Iya da Mai Ɗinki."